Ku Tambayi Anti: "Wata bakwai muna jira, ashe wai mafarki ne"

Assalamu alaikum jama'ar Ikko da kewaye, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar shirye-shiryen nan masu dogon zango ce, wasu ransu a ɓace wasu kuma hawaye suka sha. Na zaɓi kaɗan daga ciki, na cire sunayen masu aikowa, kuma inda ƙorafi ne na cire sunan shirin domin nan ba filin tonon silili ba ne.

TAMBAYA: Salam Anti ina wuni ya aiki. Ni mai shayi ne a Obalende, bana shekarata tara da teburi a wajen. Duk ranar da ake sakin wani shiri da muke bi, da an idar da isha'i jama'a suke cika min benci, masu gadi da 'yan canji da yaran da suke tura baro, sai mu jingina wayata jikin gwangwanin madara mu haɗa da 'yar sifika, wannan ya kawo ɗari biyu wancan ɗari uku a sa data. Wlh Anti wata bakwai muna jiran ranar da asirin wani mutum zai tonu, shi ne ya cinye gadon marayu ya kuma sa aka ɗaure ɗan'uwansa, a ƙarshen fitowar waccan aka nuna an ritsa shi da takardun a hannu kowa ya ce to yau ce ranar. Kawai sai aka buɗe da shi ya farka yana salati wai duk mafarki yake, sauran minti arba'in ɗin kuma mota ce tana shiga gida tana fita, sai waƙa, sai a sake nuna mana abin da muka riga muka gani. Wani dattijo mai gadi da bai taɓa fashi ba ya ajiye kofinsa ko rabi bai sha ba ya tashi ya tafi bai ce wa kowa komai ba. Dan Allah su masu shirin nan ba su san muna kallo ba ne ko raina mana hankali suke? Kuma mu daina ne ko mu ci gaba?
Daga mai shayi, Obalende

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa ya sa albarka a teburin. Kuna da gaskiya, kuma ka gaishe min da dattijon nan ka ce masa na fahimce shi sarai, an yi muku sakiyar da ba ruwa.

Ni yadda na ɗauki abin, labari bashi ne. Ranar da marubuci ya nuna maka an zalunci maraya, ya sa ka ji zafin abin a ƙirjinka, to ranar ya ci bashinka, kai kuma ka ba shi lokacinka da kuɗin datarka bisa alƙawarin wata rana zai biya. Ba dole sai ya biya yadda kake so ba, zai iya sa azzalumin ya tsira ma in har ya nuna maka ta yaya ya tsira kuma hankali ya ɗauka, amma ya kai ka har bakin ƙofa sannan ya ce ai ba a yi komai ba mafarki ne, wannan cin bashi ne a ƙi biya. Abin da ya tayar da dattijon daga benci ke nan, ba rashin haƙuri ba.

Kuma ba a kanku farau ba. A Amurka akwai wani shiri mai suna Dallas da ya yi tashe sosai, a 1985 suka kashe ɗaya daga cikin manyan taurarinsa saboda jarumin ya bar aikin, da suka ga masu kallo na raguwa sai suka lallaso shi ya dawo a 1986, suka ce wai duk abin da ya faru a zangon nan guda cur, fitowa sama da 30, mafarki wata ta yi. Yau shekara kusan arba'in ke nan amma har yanzu in ana misalin yadda ake ɓata wa mai kallo rai sai an ambaci wannan.

To me ke kawo haka a namu? Yawanci ba raini ba ne, kuɗi ne da gaggawa. Shirin da ake sakewa a YouTube da talla yake rayuwa, kafin ma a fara biyan mai tasha kuɗin talla sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, sannan bidiyon da ya kai minti 8 shi ne ake iya cusa masa talla a tsakiya, iya tsawonsa iya yawan gurbin talla. Ga shi tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya kuɗinsa bai kai na wanda ke Ingila ko Amurka ba, don haka furodusa yana buƙatar ido da yawa da mintuna da yawa kafin ya mayar da abin da ya kashe. Daga nan ne motar nan take samun damar shiga gida ta fita sau uku, daga nan ake samun gaisuwar minti biyar, ina kwana ya gida ya yara ya jikin Hajiya, alhali babu abin da ta ƙara wa labarin. Sannan in shiri ya karɓu, labarin da aka tsara zai ƙare a fitowa 26 sai a ce a ja shi, to mugun da ya kamata a kama yau in aka kama shi me za a nuna mako mai zuwa? Sai a nemi hanyar kwance abin da aka ɗaura, mafi arha a cikin hanyoyin kuwa ita ce mafarki, sai mantuwar ƙwaƙwalwa bayan haɗarin mota, sai tagwayen da ba a taɓa ambata ba.

Na faɗi dalilin ne don ka sani, ba don na wanke su ba. Su ma ya kamata su san halin da mai kallo yake ciki, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tada janareta don a yi caji ya zama aiki, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100, yaron da ya wuni yana tura baro a rana ya ciro ɗari uku ya ba da, haƙƙinsa ne a ba shi labari ba mota ba.

Batun ku daina ko ku ci gaba, ni shawarata ku ba su fitowa biyu. In sun dawo kan hanya to alhamdu lillahi, kowane shiri mai tsawo yana da makon da yake rauni. In kuwa suka ci gaba da kwan-gaba-kwan-baya ku kashe, kuma ku kashe a daidai wurin da abin ya ishe ku, domin mai tasha yana da shafin da yake nuna masa minti nawa mutane suka kalla da daidai inda suka watse, wannan layin da yake gangarowa ƙasa ya fi zagi dubu isa kunnensa. In kuma za ku aika musu saƙo ku faɗi abin da ya dame ku ƙarara, ku ce mun jira wata bakwai kun mayar da shi mafarki, kada ku tsaya a "shirin ya lalace" kawai, wannan ba ya gyara komai.

TAMBAYA: Anti barka da war haka. Ni 'yar Zariya ce aure ya kawo ni Idi-Araba shekara shida ke nan. Jiya na kalli wata fitowa da za a kai amarya, babu faɗa babu komai, uban ne kawai ya kira ta ɗakinsa zai yi mata nasiha sai ya kasa magana, ya yi ta gyara hularsa, can ya ce "ki yi haƙuri da duk abin da kika gani" ya juya baya. Anti na yi kuka har yarana suka tsorata, maigidan ya ce wai shirme ne mutum ya yi wa wasan kwaikwayo kuka. Har na maimaita wurin sau huɗu. Ko dai wani abu ne ke damuna?
Daga ƙanwarki, Idi-Araba

AMSA: Ƙanwata babu abin da ke damunki, gida kika tuna. Ina da yaƙinin ranar da aka sa ki a mota za a kawo ki Legas wani ya tsaya a zaure ya kasa magana kamar haka, kuma tun ranar ba ki samu wurin ajiye wannan kukan ba sai jiya.

Mu da muke nan kudu kallonmu daban ne da na wanda ke Kano ko Zariya. Shi yana kallon labari ne, mu kuwa har da katangar gidan muke kallo, da tabarmar da aka shimfiɗa a tsakar gida, da yadda ake durƙusawa a gaida babba, da kwanon shan da aka rufe da faifai. Daga nan zuwa gida tafiyar kusan kilomita dubu ce, in an samu zuwa sai da sallah ko biki ko rasuwa, to minti hamsin ɗin nan su ne ziyararmu ta mako. Ina ganin shi ya sa tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, gidajen Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 suka riƙe shi hannu bibbiyu, unguwa ce irin tamu ake nuna mana da mai unguwarta da masu gulmarta.

Sannan abin da kika lura da shi gaskiya ne babba, fitowar da take zama a zuciya ba lallai ce mai mari da ihu da asibiti ba. Masu shiryawa da yawa sun ɗauka sai an kashe wani ko an yi saki uku sannan za a ce fitowa ta yi zafi. A'a. Uban nan ya sa ki kuka ne saboda an daɗe ana nuna miki shi mutum ne mai tsauri wanda ba ya nuna rauni, an tara miki wannan a hankali mako bayan mako, ranar da hannunsa ya tafi kan hula maimakon baki ya buɗe sai duk abin da aka tara ya sauko lokaci guda. Wannan shi ne biyan bashin da nake gaya wa ɗan'uwanmu mai shayi, an biya ki ne cif.

Akwai maƙwabciyata Bayarabiya, dattijuwa ce mai sayar da kayan koli a ƙofar gidanmu, ba ta jin Hausa sai "sannu" da "na gode", da fassarar Turancin da ake sawa a ƙasa take bin shiri in ina kallo a baranda. Wata rana aka zo wani wuri da uwa take haɗa wa ɗanta kaya zai tafi neman kuɗi, tana ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin kunu a leda tana kwancewa tana sake ƙullawa, ba wanda ya yi magana balle a rubuta fassara. Na waiga na ga Iya ta kama bakin zaninta tana goge ido, ta ce min da Turancinmu na kasuwa ita ma haka ta yi ranar da ɗanta zai tafi. Ba ta tambaye ni me aka ce ba don ba a ce komai ba.

Shi kuma maigida kada ki yi jayayya da shi, ranar da aka nuna abin da ya taɓa nasa tabon za ki ga ya miƙe ya ce bari ya duba janareta. Ki kira Baba a waya yau in yana raye, in kuma ya rigaye mu Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

TAMBAYA: Anti me ya sa ake canja jarumi ana tsakiyar shiri? Ni da an canja fuska shi ke nan shirin ya fita raina.
Daga wata mai ɗinki, Agege

AMSA: 'Yar'uwa shiri mai dogon zango shekaru yake ɗauka, a cikin shekarun nan mutum zai yi aure, zai yi ciwo, zai samu wani aikin, za a saɓa a kan kuɗi ko lokaci, wani ma Allah zai karɓi abinsa. Kin ga Labarina na Aminu Saira da ya fara a 2020, Nafisa Abdullahi ce ta fito a Sumayya har mutane suka saba, a 2022 ta bar shirin, an daɗe ana maganar a gidajen biki da shagunan ɗinki irin naki. A shekarar ce kuma Allah ya yi wa daraktan Izzar So, Nura Mustapha Waye, rasuwa, Allah ya gafarta masa, shi ba a ganin fuskarsa amma hannunsa ne a kan komai.

In haka ta faru hanya uku ce a gaban marubuci, ko ya kashe mutumin a labari, ko ya tura shi tafiya, ko ya kawo wani ya hau gurbin. Ni a wurina ta ukun ta fi gaskiya duk da ita ta fi ɗaci a makon farko, saboda labarin da aka faro yana nan bai karye ba, fuska ce kawai ta canja kuma ido yana sabawa. Wadda ba na so ita ce a kashe mutum rana tsaka ba gaira ba dalili don kawai an saɓa da jarumin a bayan fage, mai kallo ba shi ya yi laifin ba. Ki ba sabuwar fuskar mako huɗu kafin ki yanke hukunci, ita ma a tsorace ta shigo.

TAMBAYA: Anti ni ɗalibi ne a Yaba, abokaina kullum cewa suke matsalar ta 'yan Kannywood ce kawai, Turawa ba sa ɓata ƙarshen shiri. Haka ne?
Daga ɗanki, Yaba

AMSA: Ba haka ba ne ɗana. Ka tambaye su Game of Thrones, wanda aka yi daga 2011 zuwa 2019, zango 8 fitowa 73, an kashe masa kuɗin da duk masana'antarmu ba ta taɓa gani ba (kuma ba shiri ne na kallo da iyali ba, wannan ka riƙe). Zangon ƙarshe fitowa 6 kacal aka yi, aka tattara abin da yake buƙatar shekaru aka cusa a ciki, akwai fitowar yaƙi da mutane suka yi ta kukan duhu ya hana su ganin abin da ke faruwa, daga ƙarshe sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon gaba ɗaya. Shirin ya riga littattafan da aka ɗauko shi daga ciki ƙarewa ne, da ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafarsu sai suka yi gudu. Namu ja suke yi har ya tsinke, nasu sauri suka yi har ya zube, duka biyun mai kallo ne aka bari da cizon yatsa.

TAMBAYA: Hajiya dan Allah ki ja hankalin matasa. Na kama ɗana yana rubuta wa wata jaruma zagi har da iyayenta saboda ta fito a muguwar kishiya, da na yi masa faɗa ya ce ai kowa ma yi yake.
Daga uwa, Alaba Rago

AMSA: Hajiya kin yi daidai, Allah ya shirya mana su. Ki gaya masa in har ta sa shi jin haushi haka to aikinta ta iya, rubuta mata aka yi ta hau. Tana da uwa da uba da suke karanta abin da ake rubutawa, kuma zagin iyayen wani mun san hukuncinsa tun muna makarantar allo, waya ba ta canja shi ba. In labarin ne bai yi masa ba ya yi magana a kan labarin. Ki sa shi ya goge, in da hali ya ba ta haƙuri a wurin da ya yi zagin.

TAMBAYA: 'Yata, ni tun 1978 nake Agege. A zamaninmu talabijin ɗaya ce a layinmu, baƙi da fari, mu taru a tsakar gidan mai ita mu kalli wasa sau ɗaya a mako mu tashi muna dariya, ban taɓa jin wanda ya yi fushi da wasa ba. Yanzu jikokina kowa da wayarsa kuma kullum cikin ƙorafi suke. Mu ne ba mu da wayo ko su ne ba su da godiya?
Daga Babanku, Agege

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba ɗaya daga ciki, ginin wasan ne ya canja. Irin su Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamban 2023, Allah ya jiƙansa, ko Village Headmaster da aka faro a nan Legas tun 1968, yawanci kowane mako da matsalarsa, a ɗaura ta a kwance ta a daren, ku tashi ba wanda yake bin wani bashi. In na wannan makon bai yi armashi ba an wuce wurin, mako mai zuwa sabo ne. Na yanzu kuwa zare ɗaya ake ja shekara biyu uku, kamar Kwana Casa'in da ya fara a 2019 da siyasar jihar Alfawa, duk wanda ya bi shi ya san sai ka riƙe abin da ya faru can baya kafin ka gane na yau. Wanda ya zuba shekara biyu a abu dole zafinsa ya fi na wanda ya zuba dare ɗaya, shi ya sa jikokinka suke ƙorafi, kuma shi ya sa in fitowa ta yi kyau murnarsu ma take kai wa inda take kaiwa.

Amma akwai abin da kuka fi su Baba, kuma shi nake ji musu takaici. Ku a tare kuke kallo, in abu ya ba da haushi wani zai yi tsaki wani ya yi dariya a wuce, haushin ya rabu gida ashirin. Su kowa shi kaɗai yake haɗiye nasa a ɗaki da abin ji a kunne, sai ya fito da shi ta yatsa. Shi ya sa teburin mai shayin Obalende ya burge ni duk da an ɓata musu dare.

Ka gwada wani abu, ranar da ake sakin wanda suka fi so ka ce a haɗa waya ɗaya da talabijin ɗin falo, a kashe sauran, kai ma ka zauna, in ba ka gane wane ne wane ba su yi maka bayani. Sannan dan Allah Baba ka sa ɗaya daga cikinsu ya rubuto min labarin tsakar gidan nan na layinku, wa yake zama a gaba, wa yake riƙe eriya in hoto ya fara rawa, ina so in sa shi a fitowa ta gaba.